Rigar Tarbar Baƙi

Ku 'ya'yana, da jikokin da suka fara wayo, wannan babin na rigar nan ce da ke ƙasan akwatina, wadda Saratu ta ɗaga da yatsa biyu bara ta ce a kai ta bola a cinna mata ashana. Na hana, kuka ce tsufa ne. Haka kuma kuna jin ana faɗa a wurin suna da ɗaurin aure cewa ubanku ne ya yi lambatun da ya raba lungunmu da ambaliya. Ban taɓa musawa a bainar jama'a ba, don maganar tana sa a ba ni tabarmar gaba da goro mai kyau. Amma ku jinina ne, ba na so ku gaji rabin labari. Karatuna bai wuce aji uku ba, na ukun ma malamin ne ya gaji da ni ya tura ni gaba, saboda haka in kun ga harafi ya karkace ku tallafe shi. Maganar mutane kuwa zan sa ta yadda ta fito daga bakinsu. Bakanon da ya ci karo da takardar nan ya yi ta dariyarsa, mu ma muna yi masa tamu.

A lungunmu na bayan Ƙofar Rini kowa da sana'arsa, ni kuwa Allah bai ba ni hannu ba, baki ya ba ni. Na zauna gaban tela, na ɗinke wa wani bawan Allah ƙafar wando ruf. Na bi magina, katangar da na ɗora ta riƙa rusuna wa masu wucewa. Abu guda na iya, in tsaya gaban baƙo in ba shi labarin talaucinmu har ya laluba aljihu neman hankici. A shekarun nan baƙi masu fararen motoci suna yawan zagaya unguwanni, wasu daga gwamnati, wasu daga ƙungiyoyin taimako, kuma tambayarsu ɗaya ce: me kuka rasa? Mu kuwa muka lura wanda ya fi rashi shi ake ba. To wa zai ƙi? Sai lungu ya yi wa kansa al'ada. Jajiberin zuwan baƙi Mai Unguwa zai aiko a kira Mode, wato ni, in bi gida gida in gaya wa kowa abin da zai ɓoye. Ladan ya kora jakunansa fadama tun da asuba. Mai injin markaɗe ya kashe inji ya yafa masa tabarma. Kekunan ɗinki su shige ƙarƙashin gado, direban tifa ya bar motarsa can bakin titi ya tako da ƙafa. Ko uwarku ba ta tsira ba.

"Ke Kulu, gobe kada ki leƙo ko zaure."

"Don mi?"

"Ƙibag ga taki tana ƙaryata ni. Ina cewa yunwa, ke kina wucewa kamar buhun gero."

"To ai geron gidan ubana na, ba naka ba," in ji ta.

Rigar kuwa sabuwa na saye ta. Na sa reza na tsage kafaɗa da gefen aljihu, na jiƙa ta cikin ruwan jar ƙasa na shanya, ta fito kamar ta yi yaƙi. Da ita nake tsayawa gaban baƙi, in karkata kai, in sassauta murya, in jero musu rashinmu tun daga ruwan sha har zuwa likkafani. In na kai ƙarshe sai in buɗe hannu in ce, ba mu da komi sai Allah, jama'a su amsa a bayana kamar ana bin liman. Ba zan ce muku ina jin kunyar aikin nan ba. Sana'a ce, kuma na ƙware. Da ita muka sami gidajen sauro, da bokitai, da wani babban allo mai sunan unguwarmu wanda awaki suka ji daɗin inuwarsa ƙwarai. Abin da muke nema na gaskiya ne dai bai taɓa zuwa ba.

Ruwa ne damuwarmu. Lungunmu gangare ne, kuma gidan da ubana ya bar mini shi ne na ƙarshe a ƙasa. In an yi ruwan sama mai ƙarfi, duk abin da ya sauka a kan rufin unguwa sai ya taru ya zo gaishe ni. Daminar da ta gabaci shekarar da nake ba ku labari ta ci madafa, ta ci ɗakin baya, ta bar mu da ɗakin uwarku da zaure. Da rana tsaka ne, na ga Kulu cikin ruwa har cinya, kai Bello a bayanta, Saratu a kafaɗa. Da ruwan ya janye ta zauna a kan turmi tana matse zane, ta yi magana ba tare da ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

"Malam, in ruwan ga ya sake shigowa baɗi, ni da ɗiyan ga mun tahi ƙauye wurin baba. Kai ka zauna da gidan ubanka ku yi iyo tare."

Kulu ba ta faɗin magana sau biyu. Don haka da aka ce wasu baƙi za su zo cikin rani su duba unguwarmu da ta maƙwabta, su zaɓi guda su gina mata lambatu, na san kukan da zan yi a ranar ba na gidan sauro ba ne, na aurena ne da gidan ubana. Na fito da riga na ƙara mata tsaga ɗaya.

A saman lungu akwai wata 'yar haya, Malama Rifkatu, malamar firamare. Kirista ce daga can wajen Filato. Aikin siminti ya kawo mijinta Kalambaina, ya rasu a nan, ita kuma ta ce ba za ta bar aji a tsakiyar hanya ba, ta zauna. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, kuma Hausarta irin ta kudu ce, a miƙe kamar sanda. Duk yaran lungu ta hannunta suka bi. A da in na je zagayen ɓoyo sai ta ce to, washegari ta kulle ƙofa ta tafi makaranta. A wannan karon da na yi sallama bayan la'asar, sai ta jawo benci ta ce in zauna, ta miƙo mini zoɓo mai sanyi.

"Baban Saratu, ni me zan ɓoye?"

"Kajin ga, da hirjin da kika saida ƙanƙara. Zogalen ƙohwar gida ba shi ɓoyuwa, sai mu ce na masallaci na."

Ta yi murmushi. "To gidan da ke jikin nawa, su me suke ɓoyewa?"

Ni kuwa dama a taɓa ni kaɗan ne. Na gyara zama na fara nuna gwaninta. Na ce wancan gidan Tukur birkila ne, yana da igiyar awo da cokulan gini da kwanonin sarki na ɗaukar kwaɓi cike da ɗaki. Na gaba ƙarti ne masu fasa dutse a Kalambaina, kowanne da digarsa da gudumarsa. Na gaba mai walda. Na gaba matan da in suka ɗora tukunya za su ciyar da kasuwa. Tana ta cewa, sai kuma wa? Ni ina ta zubawa. Har na kai ga tsoho Altine mai gadin wani ofis a Sama Road, wanda yake da gangar noma rataye a ɗaki, tun ta zamanin da yake kiɗa wa manoma a ƙauyensu. Ganga ba dukiya ba ce, amma nakan ce ya ɓoye ta, don mutanen da ke da ganga ba su yi kama da masu baƙin ciki ba. Ban tsaya ba sai da na sauko lungu kaf na tsaya a ƙofar gidana.

"Ashe haka kuke da arziki," in ji ta. "Shekaruna nawa a nan, amma ban san haka ba. Ina jin Mai Unguwa ma bai sani ba. Kai kaɗai ka san abin da lungun nan ya mallaka, Baban Saratu, don kai kake ɓoye shi."

Na ji daɗi, na ɗauka yabo ne kawai. Sai ta ajiye kofinta.

"Shekaranjiya na ce wa 'yan ajina kowa ya faɗi abu ɗaya da ake da shi a unguwarsu. Yaran lungun nan suka haɗa baki suka ce, ba mu da komi sai Allah. Har da karkata kai irin naka. Na ce to, kowa ya faɗi abin da babansa ya iya. Ɗan Ladan ya yi shiru, shi da ubansa ke da garken jakuna. 'Yar Tukur ta ce babu. Saratu ce kaɗai ta ɗaga hannu."

"Mi tac ce?"

"Ta ce babanta ya iya kuka."

Saratu, ke ba za ki tuna ba. Na yi dariya a wurin, har da buga cinya, amma na ajiye zoɓon nan ban ƙara taɓa shi ba. Malama ba ta yi mini wa'azi ba, kuma da ta yi da na sami abin musu. Cewa ta yi, kukan da muke yi don baƙi ne, amma baƙi suna tafiya da yamma, yara kuwa suna nan suna ji, kuma sun gaskata. Ta ce me zai hana gobe in tsaya in faɗa wa baƙin abin da na faɗa mata yanzu, gida gida, in ce ga hannu ga kayan aiki, siminti kawai muke nema? Ta ce tana ganin duk mai hankali zai fi son ya zuba ruwa a tulun da ba ya yoyo.

Na koma gida na gaya wa uwarku, ina fatan ta ce haukan me ke nan. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kukan naka na shekara da shekaru mi ya kawo muna ban da gidan sauro? Yi wanda kaka so. Ni dai tawa maganar tana nan inda na aje ta."

Ban gaya wa kowa abin da na ƙudura ba, don ni kaina ban tabbata ba sai da gari ya waye na ga hannuna ya tsallake rigar tsumma ya ɗauko ta Juma'a. Da na iso dandali jama'a sun riga sun taru, kowa cikin mafi munin tufafinsa, an ɓoye komai yadda aka saba. Mai Unguwa ya dubi rigata ya dubi fuskata. Baƙi suka zauna, aka ce Mode ya yi bayani. Na tashi na ce, ranku ya daɗe, wancan mai yagaggen wando sunansa Ladan, jakunansa suna fadama, in an kira su yanzu za su cika wurin nan. Wancan da ke tari Tukur ne, lafiyarsa lau, rabin gidajen da kuka wuto shi ya gina. Tabarmar can da kuke gani ba gawa ba ce a ƙarƙashi, injin markaɗe ne. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tona musu arziki, suna harara ta kamar na kama su da kayan sata. Na rufe da cewa siminti kawai muke so, sauran mu ji da shi. Jama'a suka buɗe baki suna jiran inda za su amsa, wurin amsawa bai zo ba.

Baƙin suka yi dariya har da tafi. Shugabarsu, wata mace mai fara'a, ta ce ba ta taɓa jin bayani mai daɗin wannan ba. Daga nan suka wuce unguwar maƙwabta, inda abokin hamayyata Ɗanjumma ya yi kuka har ya faɗi sumamme aka yayyafa masa ruwa. Ba a daɗe ba labari ya zo: lambatu na su Ɗanjumma ne, tunda mu, in ji baƙin, Allah ya rufa mana asiri. Ban ga laifinsu ba. An aiko su su ba wanda ya fi rashi, ni kuma na rantse musu ba mu ba ne.

Abin da ya biyo baya ba na so ku ɗanɗana irinsa. In na doshi majalisa sai hira ta mutu. Mai shayi ya fara tambayata kuɗi kafin ya zuba. Mai Unguwa ya aiko a gaya mini in huta, an sami wani bakin. Har aka fara raɗe-raɗin a sa mai gidan hayar Malama ya ba ta takardar tashi, wai baƙuwa ta zo ta hure wa Mode kunne. Uwarku kuwa ta fara haɗa kaya. Motar ƙauye ta zo ranar kasuwa, na ga an fita da manyan tukwanenta biyu da tabarmi. Na tafi gidan Malama a fusace, ko zama ban yi ba.

"Malama, kin gani? Tulun da ba shi yoyo an bar shi da ƙishirwa. Matata ta hwara kwashe kaya."

Na zaci za ta kare kanta. Sai ta ce, "Na yi kuskure a kan baƙin, Baban Saratu, kuma kai ka biya. Ka yafe mini. Amma ban yi kuskure a kan lungun nan ba. Jakunan sun mutu ne da baƙi suka tafi? Tukur ya manta gini?"

"Ai ko gaisuwata ba su amsawa, balle su ba ni jaki."

"Kada ka roƙi kowa. Kada ka ce a taimaka, sun gaji da jin kalmar nan daga bakinka. Ka je wurin Tukur ka tambaye shi, in da shi ne zai yi lambatun nan ba siminti mai yawa, yaya zai yi? Ka yi shiru ka saurara. Na san shirun zai yi maka wuya."

Wannan ita ce dabararta duka, kuma da ita take koyar da yara: ta nemo abin da mutum ya iya, ta tsaya a gabansa kamar ita ce ɗaliba. Na sami Tukur yana cin goro a ƙofar gida, ya kau da kai. Na yi tambayata na ja baki na tsuke. Ya ce shi ba ruwansa. Can ya ce ai wawa ne kawai zai ce sai an zuba kankare tun daga sama har ƙasa, dutse ake jerawa, siminti na bakin haɗi ne. Can kuma ya ce in ba shi wuri, ya tsuguna yana zana mini a ƙasa da tsinke. Kafin ya gama zanen ya aika a ɗauko masa igiya. Masu fasa dutse na tambaye su ina ake kai duwatsun da aka ƙi a wurin aikinsu. Suka ce zube suke, in an nemi izini ana bayarwa. Direban tifa na tambaye shi ko motarsa tana jin nauyi in ta dawo gida wayam. Malama kuma ta shiga cikin gidaje wurin mata, inda ni ba ni da hanya, ta fito da alkawarin kunu da tuwo, da zubin adashe guda da suka ce a sayi siminti da shi. Duk da haka ranar da aka sa za a fara haƙa, wata Asabar cikin bazara, mu uku muka tsinci kanmu a bakin lungu: ni, da Malama da tulun ruwan ƙanƙara, da tsoho Altine wanda ya taso daga gadi da gangarsa a kafaɗa. Kowa ya ba da baki, amma ba wanda yake so a ce shi ya fara bin Mode.

Malama ce ta ce a kira Altine. Ni na manta, ita ba ta manta ba, cewa yawancin mazan lungunmu 'ya'yan manoma ne da birni ya haɗiye, waɗanda suka tashi cikin gayya, ana taruwa a nome gonar mutum guda da kiɗa. Altine ya ɗaure ganga ya fara taken noma, a hankali, kamar mai gyaran murya. Ni kuma na ɗauki diga na kai wa ƙasa sara, diga ta yi tsalle ta kusa cire mini yatsa. Da na ga hannu ba zai fisshe ni ba sai na koma ga abin da na iya. Na ɗaga murya, wadda na saba sassautawa, na fara kiran mutane da sunan iyayensu da garuruwansu da abin da suka iya. Altine ya raɗa mini kirarin da ake yi wa Ladan yana saurayi, lokacin da yake gaban kowa a kunyar noma. Na kwarara shi. Sai ga Ladan ya fito, fuska a murtuke.

"Mode, wa ya ba ka kirarin ga?"

"Ganga ta tuna da kai, ba ni ba."

"Dibi yadda kaka riƙon diga kamar mai riƙon ludayi. Kawo nan kahin ka sare ƙahwarka a ce mu munka kashe ka."

Ya karɓa don ya nuna mini sara ɗaya. Bai mayar mini da ita ba sai azahar. Kafin rana ta take, lungu ya cika, jakuna na sauke yashi, mai walda na gyara bakin shebur, kunu na fitowa daga gidajen da ban taɓa sanin suna da manyan ƙore haka ba, ni da nake taƙamar na san komai. Ran Lahadi Malama za ta tafi coci ta dawo ta tarar da mu, ran Juma'a mu tafi masallaci mu dawo mu tarar ta sa an share ramin. Firjin da na ce ta ɓoye shi ya riƙe mu cikin zafin nan na Sakkwato da ke narka kwalta. Ba ta taɓa ɗaukar diga ba, ba ta taɓa yin jawabi ba. Tana dai bi tana tambaya, wannan yaya ake yi, wa ya koya maka, kuma duk wanda ta tsaya a kansa sai ka ga bayansa ya miƙe.

Aiki ya gangaro lafiya har ya iso ƙasan lungu, gajimare ya fara haɗuwa a gabas. Nan Tukur ya ja igiyarsa, ya sake ja, ya tsaya yana susar ƙeya. Igiyar ta miƙe ta shige cikin zauren gidana. Ya ce tsohuwar hanyar ruwa ke nan, ubana ya gina zaure a kanta a shekarun fari da ƙarancin ruwa, shi ya sa ruwa in ya zo ya rasa mafita yake shiga cikin gida. In za a kauce, sai an zagaya bayan gidaje biyu, kuma ba dutsen, ba lokacin. Ladan ne ya fara magana.

"To Mode, ka tona jakunana gaban baƙi, ashe kai hanyar ruwa ka ɓoye cikin zaurenka."

Aka yi dariya, ni ban yi ba. Ku ba ku san zauren nan ba sai Saratu, ita ma dishi-dishi. A nan ubana yake zama yana dukanci, yana ɗinka jar fata, har ya rasu warin fatar bai bar bangon ba. A nan aka ɗaura aurena. Shi kaɗai ne abin da nake nunawa in ce ni ma ɗan gida ne a birnin nan. Na dubi Malama ko za ta ba ni wata dabara.

"Wannan ba ni da baki a ciki, Baban Saratu," in ji ta. "Ɗakin mahaifinka ne. In ka ce a'a, ba wanda zai zarge ka a gabana."

Na shiga na zauna a dakalin da tsoho yake zama. Daga nan ina hango tsakar gida, inda tukwanen Kulu suka bar zagayen gurbinsu a ƙasa. Na daɗe ina kallon gurbin nan. Sannan na shiga ɗaki, na ga ba zan ɓata rigar kirki da ƙura ba, na jawo rigar tarbar baƙi na zura. Da na fito da ita mutane suka fashe da dariya, wani ya ce yau kuma wa za a yi wa kuka. Na karɓi diga a hannun Ladan, na yi bisimilla, na kai wa bangon ubana sara na farko. A wannan karon digar ba ta yi tsalle ba. Na yi kuka kuwa, na gaske, kuma abin haushi, ba wanda ya lura, don duk sun saba. Muka cire azara da ƙyaure muka ajiye, ƙyauren shi ne wanda ke ɗakin Bello yanzu. Sauran kwanakin aikin a cikin rigar nan na yi su, ina ɗaukar dutse a baya, tunda shi ba ya bukatar gwaninta.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauko wata rana bayan azahar. Ba wanda ya fake. Duk lungu muka fito muka jeru a bakin lambatu kamar masu jiran amarya. Muka ji shi tun daga sama yana tahowa, ja wur, ɗauke da leda da karan dawa, ya wuce gidan Tukur, ya wuce na Ladan, ya iso inda zauren ubana yake, ya bi ta kan wurin dakalin ya fice zuwa babbar kwata, ko leƙa gidana bai yi ba. Malama tana can sama da lema, ita kaɗai, tana kallonmu mu, ba ruwan ba. Na waiwaya na ga uwarku a bakin ƙofa, mayafi a ka, ƙafafunta a busasshiyar ƙasa.

"Malam."

"Na'am."

"Ran kasuwa ka aika a maido min tukwanena. Kuma ka cire tsumman ga, kana ba ni kunya."

Malama Rifkatu ta yi ritaya bayan wasu shekaru ta koma garinsu. Waɗanda suka so a tashe ta su suka ɗaure mata kaya a tifa, Ladan yana ta faɗan an ɗaure firjin a karkace. Ba a rubuta sunanta a jikin komai ba, lambatun ma ba allo gare shi. Shi ya sa na rubuta shi a nan. In an sake cewa a gabanku Mode ya yi lambatu, ku karɓi goron, ba laifi, amma ku san wadda ta zaunar da ubanku a benci ta tambaye shi, sai kuma wa?

Rigar kuwa kada a ƙone ta. In na mutu ku shimfiɗa ta a tsakar gida ku duba da kyau. Tsagar kafaɗa da ta aljihu a miƙe suke, reza ce ta yi su, ni na yi su don baƙi. Ta gadon baya kuwa a tattaure take, ba ta da kyan gani, dutse ne ya ci ta. Ku koya wa 'ya'yanku bambanta su.